Yadda Ake Zaɓen Rufin Kwano Ga Gida A Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram abu biyu yake nema a wurin rufin kwano: kada ya yi yoyo da damina, kada iska ta yaye shi. Idan Allah ya kai mutum Minesota a Amurka, ko Otawa ko Kubek a Kanada, har ya mallaki gida, lissafin ya sauya. A can dusar ƙanƙara ce ke zama a kan rufi wata uku ko huɗu. Ta yi nauyi, ta narke ta ƙasa, ta sake daskarewa a baki, sannan rana ɗaya ta sulalo gaba ɗayanta. Kwano yana iya jure wannan duka, tsofaffin gidajen birnin Kubek masu rufin ƙarfe shaida ne. Sai dai yawancin mutane da launi da farashi suke farawa, alhali waɗannan su ne na ƙarshe. Kafin a zo kan kwanon kansa sai an san nauyin da rufin zai ɗauka, da zafin da ke tasowa daga cikin gida, da wurin da dusar za ta faɗa.

Mataki na farko: san nauyin dusar garinku

Sabuwar dusa mai laushi ba ta da nauyi sosai, kilo 50 zuwa 100 ne a kowace mita mai cikar kubik. Idan ta kwana biyu ta danne kanta sai ta kai kilo 200 zuwa 300. Wadda ta sha ruwan sama ta fi haka, daskararriyar ƙanƙara kuwa ta haura kilo 900. Ɗauki rufi mai faɗin murabba'in mita 150, a kansa akwai dannanniyar dusa mai zurfin santimita 60. Kowace murabba'in mita tana ɗauke da kimanin kilo 180, jimilla tan 27 ke nan a bisa kan iyalinka. A watan Nuwamba na 2014 dusa ta haura mita 2 cikin 'yan kwanaki a garuruwan da ke kudu da Bafalo a jihar New York, kuma rufi da yawa sun rufta.

Kowane gari yana da adadin nauyin dusarsa a hukumance, kuma ofishin da ke ba da izinin gini zai gaya maka shi kyauta. A Kanada kundin dokokin gini na ƙasa yana ba da shi a ma'aunin kilofaskal, wanda ɗayansa yake daidai da kilo 102 a kan murabba'in mita. A jadawalin 2015 tsakiyar Toronto 0.9 ne, Otawa 2.4, birnin Kubek 3.6. Ga ƙananan gidajen zama ana ninka adadin da 0.55, sannan a ƙara nauyin ruwan saman da ke shiga cikin dusar. A Otawa wannan ƙarin 0.4 ne, sai lissafin ya ba da 1.72, wato kusan kilo 175 a kan murabba'in mita. A Amurka da fam a kan murabba'in ƙafa ake aunawa. A kundinta na 2020, jihar Minesota ta yanke nauyin dusar da ke kwance a ƙasa fam 60 ga gundumomin arewa, fam 50 ga sauran.

Kwanon ba shi ke ɗaukar wannan nauyi ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne. Shi kansa kwano mara nauyi ne, kilo 5 zuwa 6 a murabba'in mita, kusan rabin nauyin rufin shingul na kwalta ko ma ƙasa da haka. Saboda haka a hau cikin silin da fitila a duba raftoci: akwai wanda ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko ya yi baƙi saboda danshi? Idan gidan tsoho ne, ko kuma za a sa shingen tare dusa a rufin da a da yake zubar da ita, a kira injiniyan gini. A nuna masa musamman duk inda ƙaramin rufi ya jingina da doguwar katanga, kamar rufin gareji ko na baranda. Nan iska take tara dusa, nauyinta ya ninka sau biyu ko fiye, nan kuma dusar babban rufi take faɗowa.

Mataki na biyu: auna gangara, ka dubi siffar rufin

A Amurka da Kanada ana faɗin gangara da yawan incin da rufi ya tashi a cikin kowane inci 12 na kwance. Ka ɗora ma'aunin ruwa a jikin rafta a cikin silin, ka auna inci 12 a kwance, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin wannan wuri da raftar a tsaye. Idan inci 6 ne, rufinka 6:12 ne.

Wannan adadi shi ke tace maka irin kwanon da za ka iya sawa. A ƙa'idar gidajen zama da yawancin jihohin Amurka ke bi, kwanon da ake ɗora gefensa a kan na kusa ba tare da gam ba yana buƙatar 3:12 ko fiye. Ƙasa da haka gwamma mai tsayayyen haɗi, wato wanda gefunan fallayensa ke miƙewa tsaye su kama juna, da ake naɗewa da inji. Dokar ta yarda da shi har a gangara ƙanƙanuwa, amma a ƙasar dusa a ƙara taka tsantsan a kan abin da doka ta ce, domin ruwan da ƙanƙara ta tare yana iya kwanciya ya hau haɗin. Daga 6:12 zuwa sama, kwano mai santsi zai riƙa sakin dusa da kansa.

Rufi mai fuska biyu kawai shi ne mafi sauƙin sha'ani. Duk kwarin da fuska biyu suka haɗu, da duk tagar da ta ɓullo ta cikin rufi, wuri ne da dusa za ta cushe ta daskare. Idan sabon gini kake yi, rage su tun a zane, kuma ka sa ƙofar shiga da ta gareji a ɓangaren da rufi ba ya zubowa.

Mataki na uku: gyara abin da ke ƙarƙashin kwano

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa saboda ba a ganinsa daga titi.

Ga yadda madatsar ƙanƙara ke samuwa. Ɗumin gida yana zurarewa zuwa cikin silin ya ɗumama allon rufi. Dusar da ke manne da rufin ta narke ta ƙasa ko da a waje ana digiri 10 ƙasa da sifili. Ruwan ya gangaro har bakin rufi, wanda ya zarce bango kuma babu ɗumi a ƙarƙashinsa, sai ya daskare a nan. Kullum ƙanƙarar tana ƙara tudu, har ta zama madatsa, ruwa ya taru a bayanta ya nemi ko wace 'yar kafa ya shiga. Alamarta a waje ita ce dogayen tsinkayen ƙanƙara masu reto a bakin rufi, a ciki kuma tabo a silin kusa da bangon waje da fentin da ke kumbura. A hunturun 2014 zuwa 2015, lokacin da Boston ta sami dusa inci 110.6, gidaje masu ɗimbin yawa ta wannan hanya ruwa ya shige su. Kwano yana rage matsalar domin haɗinsa kaɗan ne kuma yana da santsi, amma matuƙar ɗumi yana zurarewa, madatsar za ta fito a kansa shi ma.

Abu na farko a toshe kafofin iska. A ɗaga abin tare zafin da ke kan silin a nemo inda waya ta ratsa, da bututun ban-ɗaki, da kewayen fitilun da aka nutsar cikin silin, da murfin da ake hawa ta cikinsa, da saman bangayen ciki. A toshe su da kumfar gini ko gam. Kewayen bututun hayaƙi kuwa da farantin ƙarfe da gam mai jure wuta ake rufe shi, kumfa ba ta zuwa wurin. A tabbata fankar ban-ɗaki da ta kicin da bututun na'urar busar da tufafi duk waje suke fitar da iska. Idan cikin silin suke hurawa, tururin zai taɓa allo mai sanyi ya zama farar raɓa daskararriya, ranar da gari ya ɗan yi ɗumi ta narke ta ɗiga, mai gida ya ɗauka sabon rufinsa ne ke yoyo.

Na biyu, kaurin abin tare zafi. A yankuna masu tsananin sanyi ana neman R-49 zuwa R-60 a kan silin, R kuwa ma'aunin ƙarfin tare zafi ne. Don a kai R-60 da garin takarda da ake hurawa da inji ana buƙatar zurfin kimanin santimita 43 zuwa 45, da audugar gilashi ta hurawa kuwa wajen santimita 55.

Na uku, iska ta riƙa ratsa cikin silin, ta shiga ta ƙasan bakin rufi ta fita ta tozo, wato ƙololuwar rufi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kafar iska ta kai kashi 1 cikin 300 na faɗin silin. Silin mai murabba'in mita 120 yana son kafa mai jimillar murabba'in mita 0.4, a raba ta kusan daidai tsakanin ƙasa da sama. A sa mazurari a tsakanin raftoci a bakin rufi don kada abin tare zafi ya toshe hanyar, a bar tazarar da ba ta gaza milimita 25 ba, 50 ta fi. Kafar tozo a zaɓi mai raga da aka ƙera don hana dusa mai gari shigowa da iska. A ɗakin da silinsa ke bin jikin rufi, inda babu sarari a sama, ana kafa sirarran katako a kan allo daga baki zuwa tozo, a ɗora wani allon a kansu, iska ta riƙa bi ta tsakani.

Sai shimfiɗa. A gidan zama a ƙasar sanyi, a ɗora kwano a kan cikakken allon filawud ko OSB, wato allon ɓarɓashin katako da aka matse, mai kaurin milimita 12 aƙalla, 15 ya fi riƙe sukuru. A cire tsohon shingul. Wasu garuruwa sun yarda a ɗora a kansa, amma ta haka ba za ka ga ruɓaɓɓen allo ba, kuma tsakuwar shingul tana goge bayan kwano. A bakin rufi a shimfiɗa leda mai manne kanta wadda ke kama jikin sukuru idan ya huda ta. Ƙa'idar Amurka ta ce ta tashi daga bakin rufi har ta wuce bangon waje zuwa ciki da inci 24, wato santimita 61. Yi lissafin da kanka: idan bakin rufi ya zarce bango da santimita 45, bangon kuma kaurinsa 20, a kwance kana buƙatar santimita 126, a kan gangarar 6:12 ya zama 141. Naɗin ledar faɗinsa santimita 91 ne, ke nan layi ɗaya bai isa ba, sai biyu. A sa ta kuma a dukan kwari da kewayen bututun hayaƙi. Lallai ta zama irin mai jure zafi, wadda aka rubuta mata digiri 115 na Selsiyas ko fiye, domin da rani ƙarƙashin kwano yana zafin da zai narkar da ta gama-gari ta manne da shi. Sauran rufin a rufe shi da shimfiɗar roba ta zamani.

Mataki na huɗu: zaɓi irin kwanon

Iri uku ne a kasuwa.

Mai sukuru a fili shi ne ɗan'uwan wanda muka sani. Falle ɗaya yana rufe faɗin inci 36, ana huda shi da sukuru mai washar roba, kimanin 70 zuwa 80 a kowace murabba'in ƙafa 100. Ya fi araha kuma kafinta na gari zai iya sa shi. Matsalarsa ita ce kowane sukuru rami ne. Gida matsakaici yana cin sukuru fiye da dubu, kuma kwano yana motsi. Ƙarfe yana miƙewa da milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin daren hunturu mai digiri 35 ƙasa da sifili da ranar bazara da baƙin kwano ke kai wa 65, tazarar digiri 100 ce, sai falle mai tsawon mita 10 ya riƙa tafiya da dawowa milimita 12. Alminiyam kuwa 23. Wannan kai-komo yana faɗaɗa ramin, ya sassauta sukurun, rana kuma ta busar da robar. Dusa mai sulalowa tana jan kawunansu. Ga rumbu ko gareji ya wadatar. Idan shi aljihu ya iya a gidan zama, a ɗauki mai kauri, a taƙaita tsawon falle, a sa a rai cewa bayan shekara 10 zuwa 15 za a bi sukurun ɗaya bayan ɗaya.

Mai tsayayyen haɗi shi muke ba da shawara a kansa ga gidan zama a ƙasar dusa. Gefunan falle biyu suna miƙewa tsaye inci 1 zuwa 2 su kama juna, a ƙarƙashin haɗin kuma akwai ɓoyayyen kilif da ke riƙe su da allo. Babu rami a fuskar da ruwa ke bi. Akwai wanda ake dannawa ya kulle, wanda masu ƙera shi yawanci ke cewa kada a sa shi ƙasa da 3:12. Akwai wanda ake bi da inji a naɗe haɗin sau biyu, shi ya fi tare ruwa, kuma shi ne na rufi mai ƙaramar gangara ko mai dogon zango. A nemi haɗi mai tsawon inci 1.5 ko fiye. A tambayi mai aikin a ina zai kafe kowane falle. Amsar da ta dace ita ce a wuri ɗaya tak, galibi a tozo, sauran kilif ɗin su zama masu zamewa, a baki kuma a naɗe fallen a kan farantin baki a bar masa wurin motsi. Idan aka kafe shi sama da ƙasa zai kumbura ya yi ƙara. Idan ba a kafe shi da ƙarfi a ko'ina ba, dusar da ta daskare a jikinsa za ta ja shi ƙasa. Farashinsa yakan kai ninki biyu zuwa uku na shingul.

Na uku shi ne ƙananan fallaye masu kama da shingul ko tayil, wasunsu an lulluɓe su da tsakuwa. Mai tsakuwa yana riƙe dusa, ba ya sakinta farat ɗaya, abin da ke da amfani a gidan da ke dab da hanyar mutane. Amma haɗinsa suna da yawa, saboda haka ya fi dogara da shimfiɗar ƙasa, kuma yana son 3:12 ko fiye.

Mataki na biyar: ƙarfe, kauri da fenti

Da geji ake faɗin kauri, kuma ƙaramin adadi shi ne mai kauri. Geji 29 kusan milimita 0.36 ne, 26 kusan 0.46, 24 kusan 0.6, 22 kusan 0.76. Ga mai tsayayyen haɗi a ɗauki 24. Ga mai sukuru a fili kada a sauka ƙasa da 26. Siririn kwano yana lotsewa a kwari inda ƙanƙara ke matsa shi, kuma haɗinsa ba ya riƙe maƙalar shinge da kyau.

Ƙarfen da kansa ana lulluɓe shi don kada ya yi tsatsa. Ko dai da tutiya zalla, a nemi mai lambar G90, wato gram 275 a murabba'in mita, ko da Galvalume, haɗin alminiyam kashi 55 da tutiya kashi 43.4 da silikon kashi 1.6, mai lambar AZ50 ko AZ55. Galvalume ya fi daɗewa a rufin gida, amma ba ya jituwa da jan ƙarfe, da ɗanyen siminti, da katakon da aka jiƙa da maganin ruɓa. Ko ruwan da ya ɗigo daga bututun jan ƙarfe yana cin sa. Ba a kuma sa shi a rufaffen garken dabbobi. A bakin teku, irin su Halifas, gishirin iska yana cin ƙarfe, garanti ma yakan cire gidajen da ke dab da ruwan. A can a ɗauki alminiyam mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1.

Fenti mafi inganci shi ne PVDF, wanda ake sayarwa da sunan Kynar 500 ko Hylar 5000. Yana riƙe launinsa shekaru da yawa. Fentin SMP ya fi araha amma ya fi saurin koɗewa. Launi mai duhu yana taimakawa dusa ta saki da wuri da zarar rana ta sami gefen da ya buɗe, sai dai kada a ɗora masa buri, rufin da dusa ta lulluɓe fari ne ko wane fenti gare shi. Faffaɗan falle mai sulɓi yakan nuna 'yan lanƙwashe-lanƙwashe a hasken rana. Ba ya kawo yoyo, amma idan ba ka son ganinsa ɗauki faɗin inci 12 zuwa 16 mai sirarran layuka a tsakiya.

A yankin da ake ruwan ƙanƙara mai duwatsu, kamar Kalgari wadda ta sha mummunar ɓarna a watan Yuni na 2020, a nemi kwano mai shaidar UL 2218 aji na 4. A gwajin ana sako ƙwallon ƙarfe mai faɗin inci 2 daga tsawon ƙafa 20. Shaidar tana nufin bai fashe ba, lotsewa kuwa yana iya yi. A karanta takardar inshora, domin wasu ba sa biyan lotsewar da ba ta kawo yoyo ba.

Mataki na shida: yanke inda dusar za ta tafi

Santsin kwano shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa. Rana ta ɗan fito, ƙasan dusar ya jiƙe, tan da yawa su taho cikin daƙiƙa biyu ba sallama. Suna karya ƙafa da wuya, suna murƙushe mota, suna ɓalle gota. Zaga gidanka da takarda ka rubuta duk abin da ke ƙarƙashin kowane bakin rufi: ƙofa, matakala, hanyar wucewa, inda yara ke wasa, mitar gas, na'urar ɗumama gida ta waje, katangar maƙwabci. Ka kula ƙwarai da bututun da hitar gas ke fitar da hayaƙinta ta jikin bango. Idan tulin dusa ya toshe shi, iskar guba mara wari tana iya komawa cikin gida ta kashe mutane suna barci. A Finlan doka ce a sa shingen dusa a saman ƙofofi da hanyoyin wucewa.

Fuskar da ke zubowa a fili inda ba kowa, a bar ta ta zuba. Fuskar da ke da mutane ko dukiya a ƙasa, a sa mata shinge. Iri biyu ne: ƙananan matara da ake jerawa a warwatse, da doguwar sanda ko bututu biyu da ke bin tsawon bakin rufi. A inda dusa take da yawa, sandar ta fi. A kan mai tsayayyen haɗi ana ɗaure ta da maƙala mai matse haɗin ba tare da huda shi ba, irin na kamfanin S-5! da makamantansa. A kan mai sukuru a fili dole sukurun shingen ya shiga katako, kwano kaɗai ba zai riƙe ba. Waɗanda ake mannawa da gam suna buƙatar makonni na yanayi mai ɗumi kafin gam ɗin ya kama, kuma su ne suka fi ɓallewa.

Ga lissafin ƙarfin da shingen zai tare. Ɗauki nauyin dusa kilofaskal 2, rufi mai 6:12, tazara daga baki zuwa tozo a kwance mita 5. Kowace mita ta bakin rufi tana da kimanin kilo 1,020 na dusa a samanta. A gangarar 6:12, kashi 45 cikin ɗari na wannan nauyi ne ke turowa ƙasa, wato kusan kilo 456. Idan tsakanin haɗi da haɗi santimita 40 ne, kowace maƙala tana riƙe da kilo 182. A ninka shi biyu don kariya, a kwatanta da adadin da mai ƙera maƙalar ya gwada a kan irin haɗinka da gejinka. Idan bai kai ba, a ƙara layi na biyu a tsakiyar rufin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa guntun shinge a saman ƙofa kaɗai. Dusa a manne take da juna, guntun zai riƙe wadda ke samansa har da ta gefe da gefe, nauyin ya fi ƙarfinsa, ya ɓalle ya yage haɗin. A ja shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A kafa layin farko a saitin bangon waje ko sama da shi kaɗan, kada ya zauna a kan ɓangaren da ya zarce bango. A kuma tuna cewa rangwamen nauyi da injiniyoyi ke yi wa rufi mai santsi ya faɗi da zarar an sa shinge, dole katako ya iya ɗaukar dusar duka.

Mataki na bakwai: kwari, bututu da gota

Farantin kwari ya zama mai faɗi, mai ɗan tudu a tsakiya don ruwan wannan fuska kada ya tsallaka ƙarƙashin waccan, a kuma ja bakin fallaye baya a bar hanya a buɗe. Bututun iska na ban-ɗaki a fitar da shi kusa da tozo. Idan yana can ƙasa, dusa za ta sare shi, sai a kafa masa ƙarfe mai tsaga dusa a samansa. Bututun hayaƙin da faɗinsa ya wuce inci 30 yana buƙatar ɗan ƙaramin tudu a bayansa mai raba ruwa gida biyu. Gota a rataye ta ƙasa kaɗan da layin gangarar rufi, yadda idan ka ɗora sanda a kan kwano ta zarce, ba za ta taɓa leɓen gotar ba. Marataya a jera su kowane santimita 40 zuwa 45.

Mataki na takwas: awo da ɗan kwangila

Don ka iya tantance farashin da aka kawo maka, auna faɗin da rufin ya rufe a ƙasa har da abin da ya zarce bango, ka ninka da 1.054 idan 4:12 ne, 1.118 idan 6:12, 1.202 idan 8:12, 1.414 idan 12:12. Ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na yanke-yanke, har 15 idan kwari suna da yawa. Masu sana'ar da murabba'in ƙafa 100 suke lissafi, wato murabba'in mita 9.3.

Ka karɓi farashi daga mutum uku waɗanda kwano ne sana'arsu, ka ce kowa ya rubuta geji, irin lulluɓin ƙarfe, irin fenti, tsawon haɗi, sunan ledar baki da layi nawa, kuɗin sauya ruɓaɓɓen allo a kan kowane falle, da lissafin shingen dusa. Ka nemi shaidar inshorarsa da takardar izinin gini. Ka ce ya nuna maka rufin da ya yi wanda ya ga hunturu biyar, ka je ka dubi kwarinsa da bakinsa. Garanti kashi uku ne, na fenti, na ƙarfe, da na aikin hannu, kuma yawancin yoyo daga na ukun yake fitowa.

A yi aikin tsakanin ƙarshen bazara da kaka, domin ledar manne ba ta kamawa da kyau a tsananin sanyi. Ranar aiki ka lura da abin da suke yanka kwano da shi. Almakashin ƙarfe ake so. Injin gurza mai tartsatsi yana ƙona lulluɓin bakin yanka, garin ƙarfen da yake watsawa kuma ya manne a fenti ya zama ɗigon tsatsa cikin mako guda. A share rufin kowace yamma.

A hunturun farko, bayan dusa ta sauka da kwana biyu, ka fita da safe ka dubi rufin daga titi. Idan dusar ta kwanta bai ɗaya, ƙasan lafiya yake. Idan ka ga wuri ya narke shi kaɗai, ko tsinkayen ƙanƙara sun taru a saitin ɗaki ɗaya, akwai kafar ɗumi a ƙarƙashin wurin, a hau cikin silin a toshe ta. Kada ka taka kwano mai dusa ko raɓa, kada a sare ƙanƙara da gatari, kada a zuba gishiri a kansa. Idan dusa ta yi yawan da ƙofofin ciki suka fara cijewa ko silin ya fara tsagewa, a fitar da iyali a kira masu kwashewa. Idan ba ta kai haka ba, a jawo ta daga ƙasa da doguwar manjagara mai bakin roba, mai jan yana tsaye a gefe, nesa da inda za ta zubo.